Hannun Hagun Baba Nomau

Har na yi ritaya, wata Talata ta cikin damina ba ta bar zuciyata ba. Lokacin ina babban jami'i a sashen gashi da motsa gaɓoɓi na wani asibiti a Birnin Kebbi. Ga wanda bai san aikinmu ba, mu ba likitoci ba ne, ko da yake haka ake kiranmu. Likita ke turo mana wanda ya karye ko ɓarin jikinsa ya shanye, mu kuma mu sake koya wa jikin aikinsa.

Ranar ce aka kawo mini Baba Nomau, mutumin Argungu, dogon dattijo mara yawan magana. 'Yarsa Kulu, malamar makaranta da ke aure a unguwar Badariya, ita ta riƙo shi. Hawan jini ne ya kayar da shi. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma hannun hagu ya kife ya ƙi juyawa.

Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ƙasusuwa biyu ne, ɗaya na mirginawa a kan ɗaya. Da mirginawar nan kake buɗe tafinka sama in za ka yi addu'a, da ita kuma kake kife shi. Ita ce ta tsaya wa Baba. Na bi ƙa'ida, na ba shi makulli ya riƙa murɗawa, na ba shi kofi ya kife ya tayar. Sai ya yi sau biyu ya ajiye, ya zuba wa taga ido.

Bayan mako shida shugaban sashe ya duba katinsa ya ce, "Malam Sani, wannan ya kai iyakarsa. Ga mutane a layi. Ka sallame shi." Na roƙi ƙarin mako biyu. Ya ba ni, ba don ya gamsu ba.

Na ja Kulu gefe na ce, "Malama, a kati an rubuta masunci. Da gaske sana'arsa ke nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Gidanmu dai masunta ne. Amma shi tun yana saurayi yat tahi Kaduna. Da ɗaukar wa manya jakar golf ya fara, wasan nan na bugun ƙaramar ƙwallo da sanda, har ya zama mai koyar da wasan. Da ya dawo gida ba wanda ya san mi yake nuhi. 'Yan uwansa cewa suke ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin ƙwallo cikin ciyawa. Sai ya bar zancen."

Na ce in akwai sandarsa ta wasan ta zo da ita.

Ranar Alhamis ta shigo da ita a naɗe cikin tsohon zane. Baba ya ɗaure fuska ya ce, "Wa yac ce a taɓa min ita?" Kulu ta warware zanen ta miƙa masa. Can ya miƙa dama ya karɓa, ya kamo hagun ya ɗora a kan mariƙin, ya miƙe tsaye.

"Likita, matso," in ji shi. "Mutane na zaton ƙarhi ne. Ba ƙarhi ba ne. In ka kai sanda baya, hagu ya ɗan kife. In kana saukowa sai ya warware, ya juyo daidai lokacin da bakin sanda zai gamu da ƙwallo. Ka makara, ta tahi dama. Ka yi gaggawa, ta tahi hagu. Kuma kada ka tilasta shi. Saki kafaɗa, gwiwar hannun dama ta zauna kusa da haƙarƙari, shi da kansa zai juya."

A mako shida ban ji ya yi magana mai tsawon wannan ba. Kuma motsin da na yi ta nema ne ya zayyana mini, ya ma fi littattafanmu iya faɗarsa.

Daga ranar muka sauya tsari. Yakan riƙe sandar ta tsakiya don ta rage nauyi, ya riƙa lilo da ita a hankali, ni ina tallafe da gwiwar hannunsa. Yana yi yana ba ni labarin raɓa a kan ciyawa da sassafe, da manyan mutane da ke tsayawa a gabansa kamar ɗalibai. Da wa'adin ya cika na auna juyin hannun a gaban shugaban sashe. Ya ƙaru. Shugaban ya sa hannu a ci gaba.

Hannun bai dawo duka ba. Kamar rabi muka samu kafin mu sallame shi.

Da rani Kulu ta kira ni ta ce Baba na son in je Argungu. Na tafi wata Asabar. Ya kai ni fadama kusa da gulbi, inda aka girbe shinkafa, masu albasa na ban ruwa can gaba. Ya ciro ƙwallo uku da suka ja launi saboda ajiya. Ta farko ya kuskure ta. Ta biyu ta gangara taku kaɗan. Ta uku ta ba da wani sauti, ƙwas, ta tashi sama, sannan ta karkata dama ta faɗa cikin albasa.

Ya daɗe a tsaye, sanda a kafaɗa. "Ka ji ta?"

Na ce, "Na ji, Baba."

"Hannun ya makara. Amma ka ji ta." Ya goge ido da hannun riga. "Waɗanda za su gane abin da ya faru yanzu, wasu na nesa, wasu na ƙasa. Ka dawo, likita, in koya maka. Ko mutum ɗaya ne a samu a garin nan."

Na ce in sha Allahu. Aiki ya yi yawa, aka yi mini sauyin wuri, yau da gobe ban koma ba. Damina ta biyu Kulu ta aiko mini da labarin rasuwarsa.

Ku da kuke kan aikin yanzu, kafin ku taɓa hannun mutum ku tambaye shi abin da hannun ya saba yi, ku kuma tsaya ku ji amsar. Jiki yakan tashi ne domin abin da mai shi ke kewa. In kuma dattijo ya ce ku dawo ya koya muku wani abu, ku koma. Ni har yau ban iya riƙe sandar ba, kuma ban san wanda zan tambaya ba.