Akuyar Ɗaki Na Huɗu

Jama'a, yau na yi abin da ko madubi na kasa kallo!

Kukan akuya ne ya tarbe ni da na shiga gidan da muka ba da haya da safe. Daga ɗaki na huɗu yake fitowa, ɗakin Baba Dogara, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Sauran 'yan haya sun cika tsakar gida.

Maman Blessing ta ce, "Anti Rahila, kwana uku ba mu huta ba! Gidan mutane ne ko turke?"

Ni da ko tsawa ban iya ba, sai ga ni ina ɗaga murya. "Baba, ƙarshen wata ka ba ni makullina!" A gaban kowa fa!

Ya cire hula ya ce, "To, ɗiyata. Na ji."

Da la'asar sai ga matarsa a gidanmu, tana janye da akuyar. Ashe tun daga Fadan Kagoma ya ɗauko mana ita a babur, gudummawar addu'ar cika shekara da rasuwar mahaifina. Tsoron ɓarayi ya sa yake kwana da ita a ɗaki.

Na ce, "Mama, ina Baban?"

Ta ce, "Ya fita neman ɗaki."