Ranar da Inna ta Shiga Jarrabawa

Malama Safara'u ta daɗe tana koyarwa a wata firamare a Abakpa, har waɗanda ta koya wa baƙi da wasali sun fara kawo mata nasu 'ya'yan. Da aka ce sai mai digiri ne zai ƙara matsayi, ta yi rajista da wata jami'a mai karatu ta intanet, don ba ta da halin barin gida. Tsufa ya taɓa wa mahaifiyarta tunani. Inna takan manta ta ci abinci, takan kuma nemi mijinta da ya rasu tun Safara'u tana budurwa.

Karatun da aka ce mai sauƙi ne ya zame mata wani aikin. Ta taso makaranta murya a dishe, ta ɗora tukunya, ta yi wa Inna wanka, sannan ta jingina waya da gwangwanin madara ta kama sauraron lacca. Sabis ya ɗauke, malamin ya daskare baki buɗe, kafin ya dawo an wuce wurin da ba ta gane ba. Sau da yawa barci ke sace ta da biro a hannu. Idanunta suka fara ruwa, wuyanta kuwa kullum a sage.

Jarrabawar ƙarshen zango ta faɗo ranar wata Asabar da hantsi. Dokarta ita ce kyamara a kunne, kuma kada kowa ya shigo ɗakin. Ta roƙi yayanta Yahya, tela a Kinkinau, ya zo ya zauna da Inna.

"Kafin ki zauna ina nan, in sha Allahu," in ji shi.

Lokaci ya yi, babu Yahya. Ta dama wa Inna kunu, ta kunna mata rediyo, ta shiga ɗaki da kwamfutar da ta aro ta turo ƙofa. Tambayoyin suka zo mata da sauƙi, har ta fara jin numfashinta yana daidaita. Ta kai kusan rabi sai ƙofa ta buɗe. Ga Inna da mayafi, takalmi ƙafa ɗaya.

"Tashi ki raka ni, babanki yana jira a tashar Kawo."

"Inna, don Allah, ki ɗan ba ni lokaci," ta ce, ba ta ɗauke ido daga allon ba.

Inna ta matso, ta leƙa allon, ta ga fuskarta a gefen ta 'yarta. "Wace ce wannan tsohuwar?"

Nan take shafin ya rufe. Saƙo ya fito cewa an ga wata fuska a ɗakin, an dakatar da jarrabawa.

Safara'u ko kukan ma ba ta da ƙarfinsa. Can ta miƙe, ta nemo ɗaya takalmin, ta riƙe hannun Inna suka fita bakin layi. Suka tsaya suna kallon masu Keke Napep har Inna ta manta abin da ya fito da ita. A nan Yahya ya same su, yana ta ba da haƙuri, wai masu ɗinkin biki ne suka tsare shi.

"Ba komai, Yaya. Shigar da ita ta sha ruwa."

Ta rubuta wa jami'ar bayani, amsa ta zo cewa sai dai ta maimaita kwas ɗin a zango mai zuwa. Ta yi mako guda ba ta buɗe darasi ba, ta ce ta haƙura. Daga baya dai ta sake rajista. Yanzu Safiyya, matar Yahya, ke zuwa duk Asabar, ita kuma Safara'u takan ɗauki kwamfutar ta tafi ajinta da babu kowa, ta zauna a bencin yara, gwiwoyinta suna dukan tebur.