Gajere, Direban da Ya Shayar da Garuruwa Bakwai

Duk Litinin da Alhamis, kafin rana ta yi zafi, za ka ga Gajere a tashar jirgin ƙasa da 'yar gudumarsa, yana bin tankoki goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Daga ƙarar yake gane wanda ya cika da wanda aka yi wa cikon ganin ido. Ya duba murfi, ya shafa bakin famfo ko yana yoyo, sannan ya hau injinsa ya nufi hamada, inda garuruwa bakwai ke jiransa. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki. Jiya ya yi zuwansa na ƙarshe.

Garuruwan nan ba su da kogi, rijiyoyinsu kuwa ruwan gishiri ne, ko sabulu ba ya kumfa a ciki. Na sha, na girki, na wankan jariri, duk a bayan Gajere suke zuwa. Shi ya sa mutanen can ke ce wa jirginsa jirgin ruwa, shi kuma su yi masa kirari: Gajere na layin dogo!

Malamar asibitin gari na shida ce ta ba ni labarin da ba ta mantawa. Wata bazara guguwa ta binne layin da yashi, tafiyar awa guda kafin garinsu. Tankin asibiti ya ƙafe tun shekaranjiya, ga yara huɗu kwance da gudawa, ga mai naƙuda. Ofis ya kira Gajere ta rediyo, aka ce ya juya, masu kwashe yashi sai jibi.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "jibi ta yi wa mutanen can nisa. A ba ni zuwa la'asar. In na kasa, na juyo."

Aka ba shi. Ya sauko da shebur biyu, ya miƙa wa abokin aikinsa mai birki ɗaya.

Mai birkin ya dubi tudun yashin ya ce, "Yaya, wannan fa aikin mutum ashirin ne."

"To mu fara, sha takwas ɗin suna hanya."

Da wasa ya faɗa, amma haka aka yi. Makiyayan da ke kusa suka hango mutum biyu suna faɗa da yashi cikin rana, suka zo da kwanoni da guntayen katako. Wani ya hau raƙumi ya kai labari gari, maza suka fito. Rana na shirin faɗuwa malamar ta ji ƙahon jirgi. Ta ce nan take ta fito daga asibitin a guje. Da ta isa tasha ta ga tafin hannun Gajere duk ya saɓule, ta ce ya zo ta ɗaure masa.

"'Yar'uwa, kai wa yaran ruwa tukuna," ya ce. "Hannun nan ba inda za shi."

Yaran huɗu duk sun tashi. Jaririyar da aka haifa ranar, yanzu tana aji biyar.

Gajere, kai ne wanda bai taɓa wuce tasha don ba kowa a bakin layi ba. Sai ka tsaya ka yi ta busa ƙaho har a fito. Kai ne ka haddace wace tsohuwa ce ba ta iya ɗaukar jarka, ka ce a fara da ita. Ba a taɓa saka sunanka a allo ba, amma babu randa a garuruwan nan da ba ta san ka ba.

Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar cin hutunka. Mu da muka rage a bakin aiki, kowa ya dubi abin da aka damƙa masa, ya tuna akwai masu jira a ɗaya ƙarshen.

Da na tambayi maiɗakinsa me zai yi yanzu, dariya ta yi.

"Famfon gidan nan shekara biyu yana ɗiga," ta ce. "Mun daɗe muna bin layi, yau dai an zo kanmu."