Baba Mai Dalma da Muryar Tela

Kafin sauran shagunan layin su buɗe, Baba Mai Dalma ya riga ya share teburinsa, ya jona ƙarfen liƙi, ya ajiye tsohuwar mitarsa mai allura a hannun dama. Shekara talatin da biyu ke nan, kullum haka. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, kuma har yau ban ji wanda ya ce a taru a yi masa ban kwana ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Da gyaran rediyo ya fara. Da wayoyi suka cika gari, sai ya koma ƙera 'yan akwatunan sauti da ake jonawa a ramin caji. Daga jikin waya akwatin yake shan wuta, waya kuwa kowace da halinta. "Kamar mutane suke," in ji shi. "Wata hannunta a sake, wata ko marowaciya ce ta bugawa a jarida."

Bara matar wani tela ta zo masa. An yi wa mijinta aiki a maƙogwaro, murya ta koma raɗa, waya ba ta ɗauka. 'Yarsu tilo tana aure can nesa. Likita kuma ya sa rana: nan da kwana tara za a sake aiki, raɗar ma za ta tafi.

"Baba, so yake ya yi mata magana da bakinsa, ko sau ɗaya ne."

Ya ƙura wa bakinta ido har ta gama, sannan ya ce ta kawo wayar.

Cikin kwana biyu ya haɗa akwatin, da ɗan makirufon da ake mannawa a wuya. Da ya jona a wayar tela, 'yar fitilar akwatin ta ƙifta sau ɗaya ta mutu. Ya sauya igiya, haka. Ya sake liƙi, haka. Maƙwabcinsa mai sayar da caja ya dafa kafaɗarsa: "Haba Baba, su sauya waya mana, ka huta."

"Sabuwar ma wa ya san halinta? Ni laifin nake nema."

Kwana huɗu yana jonawa yana cirewa, ido a kan allura. A na biyar ya kama ɓarawon. Daidai lokacin jonawa, allurar takan yi tsalle ta dawo. Ashe akwatin kwankwaɗar wuta yake yi kamar mai ƙishirwa, wayar ta tsorata ta rufe famfo. Ya cire babban kwandensa, ɗan gwangwanin da ke tara wuta, ya sa ƙarami, don akwatin ya riƙa kurɓa a hankali. Fitila ta kama, ta zauna.

Da kansa ya kai gidan. Tela na zaune kusa da keken ɗinkinsa da aka lulluɓe da zane. Aka kira 'yar, leɓensa suka motsa. Daga wayar ihu ya cika ɗakin: "Babana! Na ji ka! Wallahi na ji ka!" Har maƙwabta suka leƙo.

Baba Mai Dalma yana bakin ƙofa, fitilar kawai yake kallo. Sai ya taɓa matar tela ya ce, "Ta ji shi kuwa?"

Ranar muka gane kunnensa ya daɗe da tafiya. Baki yake karantawa, da allura. Mu kuwa kullum muna wucewa muna jefa masa gaisuwa ta bayan ƙeya, in bai amsa ba mu ce tsohon ya cika miskilanci. Ina jin kunyar wannan har gobe.

Tela ba ya magana yanzu. Amma ya riga ya faɗa wa 'yarsa abin da zai faɗa.

Baba, kai ne ka dafa dutse, wasu suka sha romon. Kai ne ka kai muryar wani inda take son zuwa, alhali ko tamu ba ta iso maka. Allah ya saka maka da alheri. Masu gyara na bayanka, ku koyi zama da laifi har ku gano shi.

Sauranmu kuma, kafin wata ya ƙare, mu bi ta layin. Mu tsaya a gabansa, inda zai ga bakinmu, mu ce an gode.