Kakar Bature ta Tara

Shekara huɗu na yi ina jinyar wani tsohon Bature a Manhattan. Kullum da safe in taso daga Concourse Village, in yi masa wanka, in ba shi magani. Aikinsa ɗaya a duniya, bin salsalar gidansu har Ingila, zamanin da kakanninsa ke saƙar ulu, wajen shekara ɗari huɗu baya. Ya jera su a wata doguwar takarda, saura gurbi ɗaya, na tara cikin goma sha biyu: matar da ta haɗa danginsu na Amurka da na Ingila. Sai da hannunsa ya fara rawa ya gano ta, bai samu rubutawa ba. Ni yake jero wa sunayen ina cuɗa masa baya.

Ni kuwa 'yar Zangon Kumasi ce. Kakata ta sa na haddace kakanninmu tun ban iya ɗaurin zane ba. Sunayen Turawa goma sha biyu har wani abu ne? Suka zauna mini daram.

'Yarsa ce matsalar. Ran nan ta ji ina taya shi jerowa, ta yi dariya ta ce, "Ku da ba ku rubutu, me kuka sani a kan asali?" Na ci gaba da jerowa. Da ya rasu, ko maƙabarta ba ta bar ni na je ba. Ta sa mai gadi ya zazzage jakata a bakin lif, gaban mutane. Wallahi har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi.

Bayan wata takwas sai ga wayarta, murya kamar an lasa mata zuma. Wai za ta buga littafin mahaifinta don taron dangi, ta birkice takardu kaf ba ta ga sunan matar ba. Ko ya taɓa faɗa mini?

Tuwo nake tuƙawa lokacin. Sunan na kan harshena, da ƙauyenta, da cocin da aka ɗaura mata aure. Na bar ta tana magiya har na gama kwashewa. Rama cuta ga macuci ibada.

"Ayya, Madam," na ce, "ai mu ba ma rubutu."

Har yanzu nakan jero su ina wanke-wanke, duka goma sha biyun. Ban taɓa tuntuɓe a kan ta taran ba.