Loretta da Ruwan da Hilka Ta Zuba

Kowace safiyar Talata, tun ba a kwashe kofunan kofi daga zauren cin abinci ba, sai ka ji kukan amalanken Loretta Kowalchuk a barandar gidan kula da tsofaffi na unguwarmu a garin Thunder Bay, ƙasar Kanada. Taya ɗaya ce ke wannan kukan, ta kuma hana a ɗiga mata mai, wai da shi tsofaffin ke gane ta iso. A kan amalanken akwai bokitai biyu da tiyo da tsohon tawul. In kana son ganin ɓacin ran Loretta, to ka kusanci bokitan nan da sabulu. Masu goge ƙasa duk sun san haka, wasu da daɗi, wasu ba daɗi.

Aikinta shi ne canza wa kifayen ado ruwa. In ka faɗa wa mutum sai ya yi murmushi, ya ɗauka wasan yara ne. Sai ta ɗauraye hannu har gwiwa da ruwa zalla, ta cusa tiyo cikin tsakuwar akwatin gilashin ta zuƙe dattin da ya kwanta, kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kawai take ragewa. Ruwan famfonmu kuwa lokacin sanyi har haƙori yake riƙewa, don haka sai ta sirka shi, ta gwada da wuyan hannu kamar ruwan wankan jariri, ta ɗiga maganin da ke kashe kulorin, sannan ta tsiyaya shi a hankali. Soson tace ruwa a tsohon ruwan take matse shi, ba ta kai shi bakin famfo. "Kifi ba ya son a ba shi mamaki," haka take cewa.

Mu ma'aikatan gidan mun ga abubuwa da yawa a hannunta, amma na Eino Rautio ne ya tsaya mana a rai. Tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne, 'yarsa ta kawo shi bayan rasuwar matarsa Hilka. Kayan da ya zo da su ba su taka kara sun karya ba: akwatin tufafi, wani busasshen fure a tukunya, sai ƙaton jan kifi da Hilka ta sa wa suna Magajin Gari, wai don tumbi gare shi kuma ba ya tsinana komai. Loretta ce ta je ta ɗauko shi, ta kwaso ruwan gilashinsa kaf a bokitai masu murfi, ta kunna ɗumin mota duk hanya don kada ya huce.

Talatar farko da ta shiga ɗakinsa da tiyo, Eino ya gitta sandarsa a gaban gilashin.

"Ina za ki da wannan, yarinya?" Ita kuwa yarinyar ta haura sittin.

"Ruwa zan rage wa Magajin Gari, Mista Rautio."

"Ba abin da za ki rage. Hilka ce ta zuba ruwan nan da hannunta, ranar Lahadin da aka kai ta asibiti. Sun wanke zanen gado, sun raba rigunanta, sun sayar da gida. Wannan kaɗai ya rage mini wanda ta taɓa."

Loretta ta naɗe tiyonta ta fita. Mako ya bi mako, ruwa ya koma launin ɗorawa, ya fara tsami. Magajin Gari ya daina kai-komo, ya matse fukafukansa, ya maƙale a saman ruwa yana buɗe baki yana rufewa. Muka ce mata, "Haba Loretta, ki bari tsohon ya tafi cin abincin rana ki canza abinki, wa zai faɗa masa?"

"In shiga ɗakin mutum in yi masa sata?" in ji ta. "Ranar da ya gane, ko cin abincin ba zai ƙara fita ba."

Amma abin ya ci mata rai sosai. Ta rage wa kifin abinci don dattin ya ragu, ta riƙa leƙowa ko ba ranar aikinta ba, ta tsaya bakin ƙofa da rigar sanyinta ko cirewa ba ta yi ba. Rannan dai ta ja kujera ta zauna kusa da tsohon.

"Eino, ba zan ɓoye maka ba. In muka bar shi haka, ba zai ga ƙarshen wata ba. Sai ka zauna da ruwan babu kifin."

Ya tsura wa gilashin ido.

"Hilka kan bar ruwa ya kai haka?" ta tambaye shi.

"Wa? Hilka? Kowace Lahadi sai ta canza, ko da muna gaba da juna. Ta fi kula da wannan malalacin fiye da ni."

"To tsohon ruwan, ina take zubarwa?"

Ya juya wajen taga, inda tukunyar nan take da busasshen furenta. "Ba ta zubarwa," ya ce. "Furenta take ba. Cewa take shi ya sa nata ya fi na maƙwabta."

Da moɗa ɗaya suka fara, domin kifin da ya daɗe cikin gurɓataccen ruwa, in ka dulmiya shi cikin mai tsabta lokaci guda, kai ne ajalinsa. Loretta ta riƙa zuwa kullum tana ɗiban kaɗan, Eino na karɓa da hannu biyu yana zuba wa furen. Da tukunyar ta ƙoshi, sai ya bi baranda da sandarsa yana shayar da shuke-shuken gidan ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗigo bai bi rariya ba. Magajin Gari ya sauko ƙasa ya koma tonon tsakuwarsa, kuma kafin ƙanƙara ta narke furen ya tofo.

Ke ce kika yi wannan, Loretta, mai sanyin hannu. Ke ce kika ga kifi na mutuwa a gabanki, tiyo na hannunki, kika jira sai da mai ɗaki ya yarda. Ba a ba ki lambar yabo ba, da yawanmu ma ba mu san sunan mahaifinki ba sai da aka rubuta shi a kan kek ɗin sallama.

Bayanta ne ya gaza, shekara da shekaru na ɗaukar bokiti. Za ta koma can yamma wurin 'yarta, ta ce gidan ko kifi ɗaya babu. Talatarta ta ƙarshe sai da ta daɗe a gaban kowane gilashi, ɗakin Eino ne na ƙarshe. Da ta gama tsiyaya sabon ruwan ya tambaye ta, "Yanzu nawa ya rage na Hilka a ciki?"

"Gaskiya, ba na jin ya kai cokali."

"Na sani. Nata yana can." Ya nuna jan furen da ke taga da haɓa. Sannan ya gitta sandarsa a gaban gilashin. "Wannan kuma naki ne. Ba mai taɓa shi."

"Eino Rautio, in na ji labarin ka hana a canza, wallahi jirgi zan hau in dawo!"

"To me kike tsammani nake nema, yarinya?"

Ta yi dariya, ta ɗauki tsohon tawul ɗin ta rufe fuska da shi, ta daɗe ba ta sauke ba.

Mun gode, Loretta, Allah Ya huta bayanki. Ku kuma da ke kula da abin wani, kifi ne ko tsoho, ku yi koyi da ita: ku rage kaɗan-kaɗan, ku gwada da hannu, ku tambayi mai abu kafin ku zubar. Eino ya bari ana canza ruwan, shi ke riƙe moɗar. Amalanken na nan ta bar mana, wanda ya gaje ta ya ɗiga wa tayar mai. Duk da haka kowace Talata da safe tsohon kan bar ƙofarsa a buɗe, ya kashe rediyo, ya karkata kunne wajen baranda.