Wasan da Mushe Labo Bai Rubuta Ba

A Ƙonni, in ka ce Labo Wada, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Mushe Labo mai teyatur, wato wasan kwaikwayo, har mai tuyar ƙosai a bakin tasha za ta nuna maka gidansa. Ɗan Bazaga ne, ɗan manomi, aka ɗauke shi aka sa lakwal, makarantar boko, ubansa na ƙunƙuni, ya fito malamin makaranta, shi ya sa ake ce masa Mushe. Siriri ne, mai saurin fushi da saurin hucewa, aljihun rigarsa kullum da tabon tawada.

Rubutu ya ɗauka aikinsa na gaske, koyarwa kuwa don tuwo ce. Labarinsa na farko da Faransanci ya yi shi, ya aika Yamai, yana can har yau yana hutawa a buron wani ma'aikaci. Sai ya dawo Hausa. Ya rubuta labarin wani ɗan ci-rani da ya ɓace a Ikko, da na wata mai saƙar tabarma, masu yaƙi da jahilci suka juya masa 'yan kaɗan a injin hannu. Mutane suka yi ta ara suna miƙa wa juna har takardun suka mutu. Wanda ya ara bai maido ba, shi kuma Labo yana ganin abin kunya ne marubuci ya bi mai karatu yana roƙon littafinsa. Haka ya wayi gari ba shi da ko ɗaya.

Amma wasan kwaikwayo ne ya fitar da sunansa, kuma shi ba ya rubuta wa ɗan wasa magana. In la'asar ta yi, matasan samariya kan taru a gindin dogon-yaro, ya zauna kan benci ya ba su labari tun daga farko har ƙarshe. Ya ce kai ne maigari, ke ce wadda mijinta ya tafi. Ya gaya wa kowa inda zai shiga, inda zai fita, da abin da ke cin ransa. Sauran kuwa kowa ya nemo a bakinsa. Haka ake yi a lokacin daga Malbaza har Illela, ba shi ya ƙirƙiro ba, sai dai ya fi kowa taƙama da abin. Wani abokin aikinsa ya taɓa ce masa ya riƙa rubutawa. Labo ya yi dariya har da buga cinya, ya ce wanda ya haddace magana daga takarda, in ya fito fili tsayawa yake yi kamar ɗan aji ɗaya yana biya karatu.

Bayan yunwar tamanin da huɗu ya shirya wasan da ya kira Shekarar Dusa. Labarin mace ce da mijinta ya tsallaka iyaka neman abinci, ya bar ta da jariri da rumbu wofi. A ƙarshe tana zaune ita kaɗai, zane naɗe a cinyarta, tana yi wa yaron magana bayan rai ya riga ya bar shi. Wata bazawara mai ɗinki, Zuwaira, ita ya ba wurin. Ranar farko jandarman da aka kawo don hana turereniya baya suka juya suna share ido. Aka kai wasan Tawa, aka kai Yamai. Labo ya yi shekaru yana tafiya a Ƙonni ƙirji a gaba, kuma ba wanda ya ga laifinsa.

Sai zamani ya juya. Samariya ta watse, matasa suka koma rumfunan kallon bidiyo, filin wasan ya zama wurin ɗaure jakuna ranar kasuwa. Ana cikin haka idon Labo ya soma hazo. Lokotoro a asibiti ya ce ciwon sukari ne ya taɓa shi, ba ya komawa, abin da ya rage na gani ya yi aiki da shi da wuri. A watan ne wani mai ɗab'i a Sakkwato, Alhaji Halilu, wanda ya taɓa kallon wasan, ya aiko cewa in Mushe ya kawo Shekarar Dusa a rubuce zai buga ta. Labo ya riƙe maganar da hannu biyu. Littattafansa sun tafi, sauran wasanninsa ko shi ya manta rabinsu. In wannan bai shiga takarda ba, zai bar duniya kamar bai taɓa riƙe alƙalami ba.

Ya zauna da littafin rubutu a ƙofar ɗaki inda haske ya fi. Sunayen 'yan wasa suka zo, shiga da fita suka zo, magana ta ƙi. Yana jin amon muryoyin a kansa, kalmomin ne babu. Ya ƙaga nasa ya karanta wa matarsa Mariyama tana tsince wake. Ta saurara har ya kai aya, ta ce, "Malam, wanga awa jawabin kumandan." Ya yi fushi ya ƙi cin tuwon rana, alhali ya san gaskiya ta faɗa.

Sai ya shiga neman mutanensa. Isufu da ya yi maigari ya rasu. Rabilu da ya yi mijin yana Abijan, ba a da labarinsa. Tanimun, mai ba da dariyar wasan, yana sayar da man mota a kwalabe kan hanyar iyaka. Ya tuna ranar da jaki ya yi kuka a Tawa ana tsakiyar wasa, ya tuna tuwon da aka ba su, shi ke nan. "Mushe, wa ka riƙon wanga abu?" in ji shi. "Yau ka hwaɗi wani, gobe ka hwaɗi wani."

Saura Zuwaira. Ta yi aure a Illela, gidan wani mai sayar da hatsi, Ayuba. Labo ya hau motar kasuwa ya tafi, yana ce wa kansa in ya samu ƙarshen wasan, sauran zai lallaɓa.

Ayuba ya yi masa iso har tsakar gida, aka shimfiɗa tabarma aka kawo fura. Zuwaira ta fito ta durƙusa. Ta yi jiki, yara na ta kai da kawo a bayanta.

"Mushe, kai ne? Idon ne yay yi haka?"

"Shi ne. Ba duka nika so ba, Zuwaira. Ƙarshen kaɗai. Abin da kinka ce ma yaron."

Ba ta yi musu ba. Ta jawo zane daga igiya, ta naɗe shi ta aza a cinya yadda take yi a da. Labo ya buɗe littafi, ya kawo fuska dab da takarda. Ta daɗe tana kallon zanen.

"Mushe," ta ce a hankali, "ba ɗan wasa nika yi ma magana ba. Nawa ne, wanda nib bizne waccan shekara kahin in zo wurinka."

Labo bai san haka ba. Shekara da shekaru yana karɓar yabo a kan maganar nan, bai taɓa tambayar inda take samo ta ba.

"Kullum abin da yat taso mini shi nika gaya mishi," ta ci gaba. "Ban taɓa maimaitawa ba."

"Ki gwada, ko kalma ɗaya."

"Gwadawa nika yi. Ko huskatai ba ta zo mini. In na ruhe ido, ta ƙannenai nika gani."

Sai ta kifa kai a kan zanen ta yi kuka, ba don wasan ba, don yanzu ta gane yaron ya ɓace mata gaba ɗaya. Labo ya rufe littafin. Kunya da baƙin ciki suka taru masa. Ya baro gidan bai sha furar ba.

Da ya koma Ƙonni ya haɗa abin da ya samu, 'yan shafuna ne da ba su isa a ɗinke ba. A shafin ƙarshe ya rubuta da manyan baƙaƙe, don su kaɗai yake gani: "Nan Zuwaira ke magana." Sauran shafin ya bar shi fari. Bai aika Sakkwato ba, kuma kafin kaka idon ya rufe.

Ya ƙare kwanakinsa a kan dakalin ƙofar gida. Jefi-jefi wani dattijo kan tsaya ya gaishe shi, ya ce wasan nan na Shekarar Dusa har yau bai ga irinsa ba. Sai Labo ya laluba ya kama hannunsa, ya ce, "Kana nan ran nan? Mi tac ce?" Mutumin ya yi tunani, ya ce wallahi an daɗe, sannan ya zare hannunsa a hankali ya wuce.